Yadda Ake Kashe Sheƙin Wuyan Jita

Dubi bayan wuyan jitarka, sai ƙyalli yake kamar madubi. A ido gwanin kyau, amma da zarar hannu ya yi gumi sai babban yatsa ya riƙa cijewa. Fentin ya yi sumul da yawa, shi ya sa fata ke manne masa. Sheƙin kawai za mu kashe, ba fentin za mu kankare ba.

Fara da salatif na takarda. Naɗa shi inda wuya ya haɗu da kai, da inda ya haɗu da gangar jiki, sannan ka bi gefen allon yatsu dama da hagu.

Ɗauki samfefa mai lamba 800, ko soson Scotch-Brite mai ruwan toka. Ninke ta a tafin hannu don ta bi lanƙwasar wuyan, kada ka naɗa ta a katako. Goga daga sama har ƙasa, dogon ja, ba a kewaye ba, kuma ba dannawa. Bayan ja kamar goma, share da tsumma, ka ɗaga wuyan wajen haske. Duk inda ɗigon ƙyalli ya saura, samfefa ba ta kai wurin ba.

Lura da garin da ke fita. In fari ne, kana kan fentin sama mara kala, lafiya lau. Ya fara ɗaukar kalar jitar, tsaya nan take. Gefe-gefe aka fi hudawa, don fenti ya fi siranta a can. Fentin foliyuretan yana da kauri, yana jure kuskure. Fentin naitiro (nitrocellulose) kuwa siriri ne, ɗan ganganci kaɗan sai ga katako tsirara, kuma katako tsirara yana shan gumi da danshi, ya yi baƙi, wani lokaci har wuyan ya karkace.

Wasu na amfani da soson ƙarfe mai lamba 0000. Yana aiki, sai dai ɓurɓushinsa na bin maganaɗisun fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya a jitar lantarki, ya liƙe, fitar da shi wahala ce. In shi za ka sa, rufe fikof ɗin ruf da salatif.

Ƙarasa da lamba 1000, share da tsumma mai ɗan laima, ka cire salatif a hankali. Bayan 'yan watanni hannunka zai sake goge wurin ya yi sheƙi, sai ka maimaita, ja biyar ya isa. Jita mai tsada ko tsohuwa dai, ka sani wannan aikin na rage mata daraja wajen sayarwa.