Zagayen tsohuwar unguwar Salvador, Brazil

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ga ni a Salvador, jihar Bahia ta ƙasar Brazil, gari ne na bakin teku, inda nake tsaye ɗin nan kuma shi ne Pelourinho, tsohuwar unguwarsu. Bari in juya muku kyamara.

Kun ga gidajen nan ko? Wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa, na gaba ruwan hoda, duk benaye manne da juna, ga dogayen tagogi na katako ga baranda ta ƙarfe, titin kuma duwatsu aka jera shi ya sa kuke ganin hoton na rawa, ku yi haƙuri. Turawan Fotugal ne suka kafa garin a 1549, nan ne babban birnin Brazil na farko har 1763 da aka maida shi Rio. Kuɗin rake ya gina benayen nan, raken kuma bayi ne suka noma shi, wannan filin ma da mutane ke ta ɗaukar hoto a nan ake yi musu bulala a bainar jama'a.

Kuma fa akwai namu a ciki. An kawo Hausawa garin nan a matsayin bayi, a 1807 sun shirya bore aka gano kafin su fara, sai a watan Janairun 1835 cikin azumi Musulmi suka tashi, yawancinsu Yarbawa da wasu Hausawa, har an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wallahi jikina ya yi sanyi da na bi ta lungunan nan.

Gyaran kam ya yi kyau ba ƙarya. Unguwar ta lalace sosai a da, masu kuɗi sun watse sun bar wa talakawa, UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 1985, daga 1992 gwamnatin jiha ta shiga gyara gadan-gadan. Amma ni abin da bai kwanta min ba, mutanen da ke ciki da yawa an sallame su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, yanzu in ka leƙa ƙofa shago ne ko gidan abinci ko otal, da wuya ka ga shanya ko yara a tsakar gida.

To ga wata baiwar Allah can da fararen kaya tana suya, acarajé suke ce masa, ƙosai ne tsaf sai dai da manja ake soyawa a tsaga a cusa jatan lande. Zan saya ɗaya mu gangara da lif ɗin Lacerda, tun 1873 yake haɗa saman gari da ƙasa, tsayinsa mita 72, in nuna muku kasuwar bakin ruwa kafin la'asar. Mu je zuwa.