Kafin ka sayi tsohuwar motar Italiya, leƙa ƙarƙashinta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau ina gareji a nan Bireshiya ta ƙasar Italiya, garin da ake tashin tseren tsofaffin motoci na Mille Miglia. Ga ta nan a bayana, Alfa Romeo Giulia, wadda kuka dame ni da tambaya a kanta: wai ba ta cin kuɗi? Tana ci, amma ba ta wajen da kuke zato ba.

Bari in buɗe muku bonet. Kun ga injin nan? Tun 1954 kamfanin ya fara ƙera irinsa, ya yi shekara kusan 40 ana sa shi a motoci. Na alminiyom ne, kuma sarƙa ce ke riƙe da taimin ɗinsa, ba bel ba. In ka bar shi ya ɗumama kafin ka taka, kana canza baƙin mai a kan kari, ba ya ba ka kunya. Kafiretocin nan biyu ne ke son gwani, kuma masu iya daidaita su da kunne yawancinsu dattawa ne yanzu.

To ku sauko da ni ƙasa. Nan kuɗina suka tafi. Wanda ya sayar mini ya ajiye ta shekaru a wuri mai danshi, ya shafe tsatsar da fenti. Ni kuwa ƙyalli ya ɗauke mini hankali, ban leƙa ba. Da aka ɗaga ta, sai ga ƙasan ƙofofi da wajen taka ƙafa duk sun rube. A gida mai walda zai gama maka da rahusa. A nan da awa ake biyan aiki, kuma aikin bodi ba ya sauri. Wallahi ranar ban yi barci ba.

Tsatsa tsohon ciwo ne ga motocin shekarun 1970. Alfasud da aka ƙera kusa da Napoli ta yi ƙaurin suna a kai, Lancia Beta kuwa sai da kamfanin ya riƙa sayen wasu daga hannun masu su a Ingila a 1980.

Akwai sauƙi ta wani ɓangaren. Motar da ta haura shekara 30 a Italiya ba ta biyan cikakken harajin mota da suke kira bollo, inshora ma takan sauko in kana da rajista da ASI, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta Italiya. Kayan gyaran Giulia da na Fiat 500 suna samuwa. Ferrari Testarossa kam wata duniya ce, sai an sauke injin gaba ɗaya kafin a canza bel.

Ni dai duk mako sai na fita da ita, don zama wuri ɗaya ne ke kashe burki da robobi. Ku yi shiru in tayar da ita, ku ji muryarta.