Gas ɗin Najeriya, Wutar Gana: Lacca a kan Bututun Yammacin Afirka

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, ina godiya da wannan dama da aka ba ni. An nemi in yi magana a kan halin da ƙasa take shiga idan iskar gas ɗin da take samar da lantarki da ita daga waje take zuwa. Na zaɓi Gana, domin gas ɗin da take saye daga Najeriya yake fitowa, kuma muna da dangi a zangunan Akara da Kumasi waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan al'amari.

Tun daga 1965 Gana ta dogara da madatsar ruwa ta Akosombo da ke kan kogin Volta, kuma ta daɗe tana wadatar da ƙasar har da maƙwabta. Amma duk shekarar da damina ta gaza, kamar 1983 da 1998 da 2007, ruwa yakan ja baya, wuta ta yi ƙaranci. Wannan ya sa aka gina tashar lantarki a Aboadze kusa da Takoradi, wadda ta fara da ƙona ɗanyen mai, makamashi mai tsadar gaske. A daidai lokacin kuwa kamfanonin mai suna ƙona gas a banza a yankin Neja Delta. A shekarar 2003 shugabannin Najeriya da Benin da Togo da Gana suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar shimfiɗa bututu mai tsawon kilomita 678, wanda ya taso daga yankin Legas, ya bi ta ƙarƙashin teku har Takoradi, da rassa zuwa Kwatano da Lome da Tema. Gas ya fara isa Gana a ƙarshen 2008, ciniki sosai ya kankama a 2011, a hannun kamfanin WAPCo, wanda Chevron da NNPC da Shell suke da kaso mafi yawa a cikinsa.

Ba a jima ba aka ga raunin dogaro da hanya ɗaya. A watan Agusta na 2012 anka ta wani jirgin ruwa, wato ƙarfen da ake jefawa a teku domin tsayar da jirgi, ta fasa bututun a gaɓar Lome, ruwan gishiri ya shiga ciki, kuma sai da aka yi kusan shekara guda ana gyara da busarwa kafin gas ya sake gudana. Daga nan ne aka shiga matsalar ɗauke wuta da mutanen Gana suke kira dumsor, wadda ta ja har wajen 2016. A 2015 akwai lokacin da jadawalin rabon wuta ya koma awa 24 babu, awa 12 akwai. Ku duba tela a unguwar Nima ta Akara ana saura mako guda Sallah, ɗinki jibge a gabansa, yana kwana a shago domin wuta na iya zuwa da tsakar dare. Ko mai sayar da kifi da ta cika firiza da jarinta, ta wayi gari ruwa yana tsiyaya daga ƙasanta. Irin waɗannan ne suka biya kuɗin ɓarnar da anka ta yi a tsakiyar teku.

Mutane da yawa sukan tsaya a nan, su ce ai zanen aro ba ya rufe katara. Ni ban yarda cewa nan ne gizo yake saƙa ba. Bayan an gyara bututun, gas ɗin da ake turowa ya riƙa gaza adadin da aka yi alkawari, wani lokaci saboda fasa bututu a Neja Delta da buƙatar tashoshin Najeriya kansu, amma sau da yawa saboda bashi. A 2015 kamfanin N-Gas, mai sayar wa Gana gas ɗin, ya yi barazanar rufe famfo a kan bashin da ya haura dala miliyan 100, har sai da jami'an gwamnati suka tafi Najeriya neman sasanci.

Ina so ku bi kuɗin nan da ni daga tushe. Mai gida yana biyan kuɗin wuta da sidi, kuɗin Gana, ga kamfanin ECG mai raba wuta. Shi ECG ba ya iya tara kuɗin duk wutar da ya raba, saboda satar wuta, da asarar da ake yi a tsofaffin wayoyi, da ma'aikatun gwamnati da ba sa biya a kan lokaci. Abin da ya tara bai isa ya sallami tashoshin da suka samar da wutar ba, su kuma sai su kasa biyan mai gas, wanda farashinsa da dala aka ƙulla shi. Idan sidi ta faɗi, kamar yadda ta faɗi warwas a 2022, bashin yakan kumbura ba tare da an ƙara ƙona ko da ɗan gas kaɗan ba. Dokar harajin makamashi ta 2015 an yi ta ne domin rage wannan bashi, amma ramin bai cike ba, kuma yana cikin abubuwan da aka sa a gaba lokacin da Gana ta karɓi rancen dala biliyan 3 daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023.

Hujjata mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru bayan Gana ta samu nata gas ɗin. An gano rijiyoyin mai da gas na Jubilee a tekun yammacin Gana a 2007, aka gina masana'antar tace gas a Atuabo da rancen Sin, sannan kamfanin Eni ya fara fitar da gas daga rijiyar Sankofa a 2018. Yarjejeniyar Sankofa ta ce ko an ɗauka ko ba a ɗauka ba, sai an biya. Sai ga shi gas ɗin yana yamma, tashoshi da dama kuwa suna Tema a gabas, babu hanyar kai shi. Ƙasar ta riƙa biyan dala a kan gas ɗin da ke kwance a ƙarƙashin teku, a lokacin da ake sayen mai mai tsada domin tashoshin Tema. Sai a 2019 aka kammala gyaran da ya ba da damar turo gas ta baya a cikin bututun WAPCo, daga Takoradi zuwa Tema, aka kuma ɗauke jirgin lantarki na Karpowership daga Tema zuwa Sekondi domin ya matso kusa da gas. Wannan aiki ya kamata a ce an gama shi kafin ranar da aka buɗe rijiyar, kuma ina ganin sakacin nan ya fi na anka ciwo, tun da shi an san da zuwansa shekaru kafin ya zo.

A yau gas na cikin gida ya fi na Najeriya yawa a tashoshin Gana, amma ba a rabu da Bukar ba. A watan Yuni na 2024, da aka tsaya gyara a ɓangaren Najeriya, sai da aka sanar da mako uku na rabon wuta. Rarraba gas ɗin ma har yanzu a kudu ta taru: Tamale da Bolgatanga babu bututun gas da ya kai gare su, galibi wutar da aka samar a kudu ce ake turo musu ta dogayen wayoyi, don haka mai masana'antar man kaɗanya a arewa ba shi da zaɓin da takwaransa na Tema yake da shi. Masu shirin bututun da ake son ya tashi daga Najeriya zuwa Maroko, wanda zai ratsa ƙasashe fiye da goma a wannan gaɓar teku, za su tarar da kamfanin raba wuta irin ECG a kusan kowace ƙasa, yana tara kuɗin gida, ana binsa dala.