Darasin Turanci: drag on ne ko drag out?

Assalamu alaikum 'yan aji, barkanmu da war haka. Ku ɗauko littafi da biro. Yau za mu ga yadda Bature ke faɗa idan abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Phrasal verb, wato aikatau na Turanci da ke tafiya da ƙaramar kalma irin on ko out, kun san shi tun makon jiya, ba zan koma baya ba.

Na farko, drag on. Ga shi a allo. Wannan abin ne da kansa yake ta tafiya, ba ka nuna kowa da yatsa ba. Yajin aikin ASUU na 2022 an fara shi 14 ga Fabrairu, ba a janye ba sai 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya yi zaman gidan nan zai ce: The strike dragged on for eight months. Kun ji akwai gajiya a ciki. Ba a cewa biki mai daɗi ya yi drag on, sai abin da ya ishe ka.

Sai drag out. Nan fa akwai mai hannu a ciki, wani ne ke jan lokacin da gangan. Lauya yana ta neman a ɗage shari'a, yau wata guda, gobe wata biyu: The lawyer dragged out the case. Ku lura, dragged g biyu ne. Kuma ƙarshensa d kawai ake ji, dragd, kada ku ce dragid.

To, ku natsu a nan, don nan ne na fi ganin ɗalibaina suna tuntuɓe, ni ma sai da na daɗe a kansa ina ɗalibi. Idan sunan abin ka kira, wuri biyu gare ka: dragged out the case, ko dragged the case out, duk daidai ne. Amma da zarar ka sa it ko them, tsakiya za su shiga, dole. He dragged it out. Ba a cewa dragged out it. Ku maimaita tare da ni: drag it out. Sake. Drag them out. Madalla.

Spin out kusan ɗaya suke da drag out, mutanen Ingila sun fi faɗinsa. Ni dai drag out nake riƙewa, ko'ina za a gane ka.

Masu shirin WAEC, ga naku: pad out. An ce ka rubuta insha'i na kalma 450, maganarka ta ƙare a 300, sai ka shiga cusa surutu don takarda ta cika. You padded it out. Mai maki yana ganewa, ku ƙaro hujja kawai.

 

Na ƙarshe, string along, shi kan mutum yake faɗawa. Tela ya karɓi yadinka, kullum "Alhaji dawo gobe," alhali ya san ba zai ɗinka kafin Sallah ba. He is stringing you along, yana ja maka rai. Kun ga you ma tsakiya ta shiga.

Aikin gida: jimla biyu da drag on, biyu da drag out, ɗaya a cikin na drag out ta zo da it. Sai mun haɗu Laraba in Allah Ya kai mu.