Kazar Silki: Daga Zaɓen Zakara Zuwa Ranar Ƙyanƙyasa

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan da ke hannuna da kyau. Wanda bai taɓa ganinta ba, farkon abin da yake tambaya shi ne, wai kaza ce ko zomo? Kaza ce, sunanta silki, saboda gashinta mai laushi kamar siliki. Daga ƙasar Sin aka fi saninta, kuma tun a ƙarni na 13 matafiyin nan Marco Polo ya ba da labarin wasu kaji da ya ce gashinsu irin na kyanwa ne. A Amurka kuwa, tun 1874 masu kiwon kaji suka sa ta cikin jerin nau'o'in da suka amince da su.

Bari in buɗa gashin ku ga fatar. Baƙa ce wuluk, mai ɗan shuɗi-shuɗi. Haka naman yake, haka ƙashin. Shi ya sa Sinawa ke kiranta kaza mai baƙin ƙashi, suna yin romo da ita ga mai jego da wanda ya tashi daga ciwo. Ga kunnen shuɗi. Ga ƙafa, ku ƙirga tare da ni: ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar. Kazarmu ta gida yatsu huɗu gare ta, wannan biyar. In za ku saya, waɗannan alamomin za ku duba kafin ku sa hannu a aljihu. Kada kuma a haɗa muku ita da fingi. Gashin fingi murɗewa yake yi baya, na silki kuwa sako-sako yake kamar auduga.

Wannan gashin shi ne kyanta, shi ne kuma rauninta. Gashin kaza na yau da kullum yana da wasu 'yan ƙugiyoyi da ido ba ya gani, su ne ke sarƙe zare da zare har gashi ya zama kamar faifai, ruwa ya zuba ya gangare. Silki ba ta da su. Saboda haka ba ta tashi sama, kuma in ruwan sama ya same ta, har fata yake jiƙa ta, sanyi ya kama ta nan da nan. Akurkinta ya zama mai rufi da ba ya yoyo, ƙasa a bushe, sandar kwana da gurbin ƙwai kuma a ƙasa-ƙasa. Tukkun kanta ma yana rufe mata ido, shirwa za ta sauko ba ta gani ba. Ni ba na sakin nawa a fili sai ina tsaye a wurin.

To, mu zo kan haɗi. Zakara ɗaya ya wadaci kaji huɗu zuwa shida. A zaɓi masu ƙoshin lafiya, masu cikakkun yatsu biyar, kuma kada zakaran ya zama ɗan uwansu na jini in da hali, don haɗa 'yan ciki ɗaya shekara bayan shekara yana kawo raunanan 'yan tsaki. Silki ba ta gaggawar balaga. Sau da yawa sai ta kai wata bakwai zuwa tara kafin ta fara ƙwai, kuma a shekara ba ta cika wuce ƙwai 100 zuwa 120 ba, ƙanana. Wanda ke son ƙwan sayarwa ya nemi wata kazar, wannan ba sana'arta ba ce.

Akwai abin da ya sha ruɗa mutane. Wani zai sayi zakaran silki da tsada, ya sake shi cikin kajin gida, yana jiran 'yan tsaki masu gashin auduga. Da aka ƙyanƙyashe sai ya ga gashinsu irin na kowa, sai dai wasu fatarsu ta yi duhu, wasu da yatsu biyar. Ba a cuce shi ba. Gashin silki ba ya bayyana sai ɗan tsako ya gado shi daga uwa da uba duka biyu. In kuna son tsantsar silki, ku ware su su kaɗai. In kuwa kazar ta riga ta yi cuɗanya da wani zakara, ku jira kamar mako uku kafin ku fara tara ƙwai, domin kaza tana ajiye maniyyin zakara a jikinta na tsawon kwanaki.

Wata ƙaramar dabara: in kun ga zakara yana hawa amma ƙwai na fitowa ba ɗa, ku duba gindin. Gashin wurin kan yi yawa har ya hana haɗuwa. Ku sa almakashi ku ɗan rage, na zakaran da na kajin, a hankali kada ku taɓa fata.

Ƙwan da za a ajiye don kwanci ya zama mai tsabta, marar tsaga, ba dogo sosai ba, ba kuma zagayayye kamar ƙwallo ba. Ba a wanke shi, don akwai wani siririn rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta. A jera a kiret, tsinin a ƙasa, a wuri mai sanyi-sanyi, ba cikin firji ba. Kada ya wuce mako guda. Da bazara kuwa, lokacin da ɗaki kansa ya zama kamar tanda, ku rage kwanakin, domin zafi kan sa ɗan da ke ciki ya fara motsi kafin lokaci sannan ya mutu. Ni kusa da randar ruwa nake ajiye nawa.

Yanzu ga inda silki ta fi kowa: kwanci. Ban taɓa ganin kaza mai son zama uwa kamarta ba. Ta yi ƙwai goma ko sha biyu, sai ta zauna. Ku kwashe ƙwan, ta ci gaba da zama a kan gurbi wayam. Ku sa mata dutse, ta rufe shi da fiffike tana yi muku gurnani. Saboda wannan hali masu kiwo a ƙasashe da dama suke ajiye ta musamman don ta ƙyanƙyashe musu ƙwan wasu tsuntsaye. Mu da muka saba sa wa kaza ƙwan zabi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai dai a tuna, ƙwan kaza kwana 21 ne, na zabuwa 26 zuwa 28, don haka ba a haɗa su rana ɗaya a gurbi ɗaya.

Jikinta ƙarami ne, kada a cika mata kaya. Nata ƙwan shida zuwa takwas sun isa. In ƙwan babbar kaza ne, a rage. Ma'aunin mai sauƙi ne: in ta zauna kuka hango ƙwai yana leƙowa ta gefe, ya yi yawa. A sa su duka lokaci guda, da dare ya fi, a yi wa kowanne alama da fensir, saboda sauran kaji kan kutsa su ƙara mata sabon ƙwai. Ya fi kyau ma a ware mata kusurwarta.

Ga inda nake so ku tsaya ku saurara. Wannan son kwancin yakan kai ta ga manta kanta. Wata sai ta ƙi tashi ta ci, ta ƙi shan ruwa, ta rame har ƙashin ƙirji ya fito. Ku ajiye abinci da ruwa kusa, in kun ga yini ya wuce ba ta motsa ba, ku ɗaga ta da hannu biyu, kuna lura kada ƙwai ya maƙale a fiffike, ku sauke ta ta ci, ta yi kashi, ta yi wankan ƙasa. Minti goma sha biyar zuwa ashirin ba zai cutar da ƙwan ba. Sannan ƙwarƙwatar kaji. Wannan gashin mai kauri mafakarsu ce, kuma kaza mai kwanci ita suka fi samu. Kafin ta zauna ku duba ƙarƙashin fiffike da gindi, ku canza shimfiɗar gurbi.

Ranar bakwai, da dare, ku ɗauki tocila ku haska ƙwan ta ɓangaren mai faɗi. Kun ga wannan? Ɗigo mai duhu, da jijiyoyi ja sun bazu kamar saƙar gizo. Wannan yana da rai. Wannan kuma fayau yake, ba komai. Wannan na uku mai jan zobe zagaye, ya fara ya mutu. Biyun nan a fitar da su, don baragurbi in ya fashe a gurbi yakan ɓata sauran, ga warin da ba ya barin hanci. A sake dubawa ranar 14.

Mai injin ƙyanƙyasa kuma, lissafin haka yake. Zafi digiri 37.5 a ma'aunin Salshiyas, in injin mai fanka ne. Danshi kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari har ranar 18, ana juya ƙwai aƙalla sau uku a yini. Daga ranar 18 a daina juyawa, a ɗaga danshi zuwa 65 ko 70, a rufe. Da hunturu iska a bushe take ƙamas, sai an sa ido sosai a kan ruwan injin, in ba haka ba fatar cikin ƙwai ta bushe ta manne wa ɗan tsako. Ni dai na taɓa yin asarar ƙwai ashirin a dare ɗaya, aka ɗauke wuta ina barci, batirin kuma ya mutu. Da na leƙa akurki da safe, kazar da na raina tana nan zaune a kan nata bakwai, shida daga ciki suka fito. In ba ku da sola ko batir mai ƙarfi, ku bar wa kazar aikinta.

Ranar 20 za ku fara jin ɗan kuka daga cikin ƙwai, sannan ɗan huji ya bayyana. Daga hujin zuwa fitowa yana iya ɗaukar awa 12, har 24. Hannu zai yi ta ƙaiƙayi a taimaka. Ku bari. A lokacin ne yake janye sauran gwaiduwa cikin cikinsa, jijiyoyin jini na rufewa, wanda ya ɓare masa da wuri sai ya ga jini. Wannan gwaiduwar ce ke riƙe shi kusan kwana biyu ba tare da ya ci komai ba.

Ku kalli kan wannan da ya bushe. Kun ga ɗan tudun nan? Wasu 'yan silki haka ake ƙyanƙyasarsu, ƙoƙon kan bai gama haɗewa ba a sama. Saran babbar kaza ɗaya ya isa ya illata shi, don haka ba a haɗa su da manyan 'yan tsaki, kuma a ja wa yara kunne. In ba uwa, a ba su ɗumi digiri 32 zuwa 35 a makon farko, ana rage kamar uku kowane mako. Su da kansu za su gaya muku: in sun cure ƙarƙashin fitila sanyi suke ji, in sun gudu gefe suna haki zafi ya yi yawa. Kada a shimfiɗa musu jarida, santsinta na baje musu ƙafa. Tsohon tawul ko buntun shinkafa ya fi. Mazubin ruwa marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki, abinci kuma na 'yan tsaki mai laushi. Rigakafi a tuntuɓi likitan dabbobi tun da wuri: Lasota (na cutar Newcastle), na cutar Gumboro, da na cutar Marek wadda silki ba ta jure mata, kuma na Marek ɗin tun ranar farko ake yi.

Tambayar da aka fi aiko mini ita ce, yaya zan gane mace da namiji? Da wuya a gane suna ƙanana, ko tsofaffin masu kiwo suna kuskure. Wajen wata huɗu zuwa shida za ku ga tukkun macen ya zagaye kamar dunƙulen auduga, na namijin kuma ya kwanta baya da wasu dogayen silalla suna fitowa. Wannan farar da ke bayana wata biyar ina kiranta Hajiya, ranar nan da asuba ta yi cara.