Fim Ɗin da Ya Raba Teburin Mai Shayi

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Makon jiya na yi kwana biyu a wani ƙauye da ke tsakanin Kiru da Bebeji, na je gaisuwar rasuwa. Ba aikin rediyo ne ya kai ni ba, amma abin da na tarar a bakin titin garin shi ne ya zame mini sharhin yau. Bayan sallar isha'i an tayar da ɗan janareta a shagon cajin waya, mai shayi ya kafa teburinsa a gefe, mutane sun zazzauna a kan benci da tabarma. Ban jima da zama ba musu ya kaure, har masu wucewa suna tsayawa. A kan wani fim ake yi.

Fim ɗin mai dogon zango ne, irin waɗanda ake saki kashi-kashi duk mako. Yaron shagon ne ke sauke shi idan ya shiga gari ya sami sabis mai ƙarfi, sannan ya dawo ya riƙa yi wa mutane turi a memori, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa. Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku da gona. Ƙanen mijin ya karɓi gonar da sunan riƙo kafin yara su girma. Shekara biyar yana nomawa, da kaka ya aiko mata da 'yan kwanuka na hatsi, ita kuma tana dakau da wankau don ta ciyar da marayu. A kashin da ya jawo musun, matar ta yafa mayafinta ta je har ƙofar dagaci, ta tsaya gaban maza, ta ɗaga murya ta ce a raba gado.

Wani dattijo da ke riƙe da kofin shayi ya ce, "Wannan ba tarbiyyarmu ba ce. Mace ta tsaya gaban dagaci tana nuna ƙanen mijinta da yatsa? To gobe 'ya'yanmu za su kwaikwaya, ku dai zuba ido." Wani saurayi ɗan acaɓa ya gyara zama ya ce, "Baba, Allah ya ba ka haƙuri, amma a garin nan gida nawa ne aka raba gonar mamaci aka ba mata nasu?" Wurin ya yi tsit. Can dattijon ya ce, "Yaro, ba a nan ake wannan maganar ba."

Malamin makarantar allon garin yana gefe, tun ɗazu bai ce uffan ba. Da aka juyo gare shi sai ya ce, "Ni ba matar ce ta ɓata mini rai ba. Haƙƙinta ta nema. Tumuninta Allah ne ya yanka mata a Suratun Nisa'i, rabon 'ya'yanta mata ma yana nan a rubuce. Abin da ya dame ni, ana tsakiyar maganar marayu sai aka yanke aka kai mu wani lambu, saurayi da budurwa suna rawa. Me ya haɗa wannan da wancan?"

Mutum uku, fim ɗaya, kowa da abin da idonsa ya gani. Na koma masauki ina ta juya maganar, don na lura ba ƙarya kowannensu ya yi ba, amma ba nauyi ɗaya maganganun nasu suke da shi ba.

Wannan musu ba yau aka fara shi a ƙasar Kano ba. Tun zamanin da silima ta shigo, iyayenmu suke kallon mai zuwa can a matsayin wanda ya fara lalacewa, ko da yake su ma sun taru a filin gari sun kalli majigi. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, fim ya bar gidan silima ya shigo ɗaki ta hanyar kaset ɗin bidiyo, inda matan aure da yara suke. Daga nan ne maganar ta yi zafi. A 1999 mujallar Tauraruwa ta raɗa wa masana'antar suna Kannywood. A ƙarshen 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kano ta dakatar da harkar, sannan a 2001 ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. A 2007, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an sake dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni bayan wani abin kunya da ya shafi wata 'yar wasa. Kuma ba nisa da inda nake zaune a daren nan, a garin Kofa na ƙaramar hukumar Bebeji, a can ne gwamnatin tarayya ta so gina ƙauyen fim na naira biliyan 3 a 2016. Malamai suka hau mumbari, aka yi ta ce-ce-ku-ce, aka janye aikin. Har gobe idan ka tayar da zancen a yankin za ka sami mai cewa Allah ne ya kiyaye tarbiyya, ka sami mai cewa an yi asarar aikin yi ga matasa.

Duk wannan dambarwa, a birni ake yanke hukuncinta. A birni ake rubuta labari, a can ake ɗauka, a can hukuma take, a can ake hira da masana. Mutumin ƙauye ana ambatonsa ne kawai a matsayin wanda za a kare daga lalacewa. Alhali shi ne mai kallon da ya fi kowa naci. Ba shi da wutar lantarki ta kirki, amma yana da ƙaramar waya da memori, yana da sola ko shagon caji. Tun da Arewa24 ta fara aiki a 2014, sannan YouTube ya zama kasuwar 'yan fim, babu rugar da fim bai isa ba. A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango 22 saboda ba a kawo mata su ta duba ba kafin a sake su. Doka ce, kuma dole a bi ta. Amma kashin da ya riga ya shiga memori a ƙauye, babu takardar da za ta fito da shi. Saboda haka musun da ake yi a teburin mai shayi ba ɓata lokaci ba ne. A can ne ainihin tacewar take faruwa, a bakin waɗanda suka kalla.

To ni ina na tsaya? Ina tare da malam a kan maganar waƙa, ba don na ƙi waƙa ba. Bahaushe da waƙa aka san shi, a gona, a daka, a biki, a fada. Amma rawar lambun nan aro ce daga fina-finan Indiya da muka shekara da shekaru muna kallo, kuma sau da yawa ba labarin ne ya nemi a yi ta ba, kasuwa ce ta nema. Ka ɗauko maganar marayu, zuciyar mai kallo ta karye, sai ka watsa masa ruwan sanyi da kiɗan da bai dace da wurin ba. Ka ɓata naka aikin da hannunka, kuma ka miƙa wa mai neman dalilin ƙin fim ɗin sanda. Dattijon nan da ba ya son a yi zancen gado, ka ba shi mafaka: zai ce ai fim ɗin 'yan rawa ne, wa zai ɗauki wa'azi a bakinsu?

Amma a kan matar da ta je ƙofar dagaci, ban yarda da dattijon ba, duk da girman da nake ba shi. Tsoronsa na fahimce shi. Kunya ado ce, kuma gari ba ya zaunuwa idan kowa ya zama mai nuna yatsa. Sai dai a tambaya: wa ya fara cire kunyar? Matar da ta yi shekara biyar tana haƙuri, ko wanda ya yi shekara biyar yana cin gonar marayu yana sallah a sahun gaba? Mun saba mu ga laifin mai kuka, mu manta da wanda ya yi dukan. Fim ɗin bai ƙirƙiro wannan matsala ba. Kowa a nan ya san yadda ake cewa mace ba ta gadon gona, wai za ta kai wa wani gida, sai a ba ta 'yan kuɗi ko a ce ta bari a hannun 'yan'uwanta maza. Addini bai ce haka ba. Al'ada ce ta son zuciya ta laɓe a bayan zumunci. Ruwa ba ya tsami banza: shirun da aka yi lokacin da saurayin nan ya yi tambayarsa ya fi duk wata hujja da aka kawo a daren.

Washegari da hantsi na shiga cikin gida gaishe da gwaggona. Na tarar da mata biyar a tsakar gida suna ɓarar gyaɗa, an jingina waya a jikin turmi, kashin jiya ne suke sake kallo. Babu mai musu a nan. Wata tana share ido da bakin zane. Na ce, "Gwaggo, ashe ku ma kuna kallon abin nan?" Ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba fim ba ne. Mun san mai irin labarin, da ƙafa za ka je gidanta." Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Abin da maza suka kira rashin kunya a bakin titi, a cikin gida sunansa an faɗa mana abin da ke ranmu.

Sai dai ita ma gwaggon tana da nata ƙorafin, kuma shi ne wanda ban taɓa jin wani mai sharhi a birni ya ɗauka da muhimmanci ba. Ta ce, "Amma dubi yadda suka mai da mu. Duk wanda ya fito a ɗan ƙauye sai an shafa masa baƙi a haƙori, an sa masa yagaggiyar hula, yana magana kamar wanda bai taɓa ganin mota ba. Haka muke?"

Ba haka suke ba, kuma wannan ne aibin da ya fi ci mini rai a fina-finanmu. Mutumin da ya san ranar da zai yi shuka daga ganin hadari, ya san irin da ya dace da jigawa da wanda ya dace da fadama, yake lissafin taki da kuɗin ƙwadago a kansa ba tare da biro ba, ya kai buhu kasuwar Dawanau ya yi ciniki da dillalan da suka ga jiya suka ga yau, shi ne ake mayarwa abin dariya don a cika minti goma. Dagaci kullum azzalumi ne ko sakarai. Malamin ƙauye kullum mai tsibbu ne. Mai hankali a labarin sai wanda ya dawo daga birni da mota. Yaro yana kallon wannan tun yana shekara bakwai, me kake so ya ɗauka game da ubansa da sana'ar ubansa? Muna kukan samari sun gudu birni sun bar gona, ba mu lura da abin da muke nuna musu kowane dare ba. Tsiraici da rawa kowa yana ganinsu, ana yi musu doka. Raini ba ya cikin abin da almakashin hukuma ke yankewa, amma yana shiga zuciya ya zauna.

Don haka ga masu shirya fim: kun yi jarumta da kuka taɓo maganar gado, kada ku ja da baya don an yi surutu. Ku taɓo ta sakin wulaƙanci, da ta yarinyar da aka cire daga makaranta, da ta yaron da aka tura almajiranci ba guzuri. Amma kafin ku kafa kyamara a ƙauye, ku kwana a cikinsa. Ku zauna da dagaci ku ji yadda ake sulhu na gaskiya, ku ji yadda tsohuwa ke magana idan ranta ya ɓaci, ba sai ta yi ashar ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ga malamanmu masu daraja kuma, roƙona shi ne wanda zai yi hukunci a kan fim ya kalle shi tukuna, ko ya sa amintacce ya kalla daga farko har ƙarshe, kamar yadda malamin allon nan ya yi. Da ya kalla, ya iya raba tsaki da tsakuwa, kuma samarin wurin sun saurare shi don sun san ba da ji-ta-ji-ta yake magana ba. Guntun minti ɗaya da aka yanko aka watsa a WhatsApp ba ya isa shaida.

Da zan tafi, gwaggo ta raka ni har zaure. Ta ce tunda a rediyo nake aiki, in faɗa wa masu fim ɗin kada su ƙare labarin da cewa wani attajiri ya zo daga birni ya auri matar ya share mata hawaye, don a garinsu ba a yin haka. Ta ce su nuna idan dagaci ya kasa, wace kotu mace za ta je, wa zai raka ta, shaidu nawa ake nema, kuma me za ta ce wa alƙali idan ta tsaya gabansa. Ta ce akwai masu jiran su gani.

Gwaggo, na isar da saƙo.