Yadda mashawartan kuɗi a Amurka suka koma aron dabarun masana halayyar ɗan Adam

Masu kallo, assalamu alaikum. A ranar 9 ga Maris, 2009, ma'aunin kasuwar hannun jarin Amurka da ake kira S&P 500 ya kai ƙarshen faɗuwarsa, bayan ya zubar da fiye da rabin darajarsa cikin wata 17. A tsawon waɗannan watanni, masu sana'ar tsara wa jama'a harkokin kuɗi sun sha kiran waya daga mutanen da suke kallon ajiyar fanshonsu ta shekara ashirin ko talatin tana narkewa kamar kitse a wuta. Duk mashawarcin da ya san aikinsa ya san abin da lissafi ya ce, wato wanda ya sayar da hannun jarinsa a irin wannan lokaci ya mayar da asarar da take a takarda ta zama asara ta haƙiƙa. Sun faɗi haka, sun nuna jadawali, sun kawo tarihin kasuwa, amma mutane da yawa suka sayar duk da haka, kuma a cikin wannan watan na Maris kasuwar ta fara farfaɗowa. Waɗannan mutane ba jahilai ba ne, kuma an gaya musu gaskiya. Tsoro ne ya riga lissafi isa zukatansu, mashawartansu kuwa an koya musu lissafi sosai, ba a koya musu yadda ake zama da mutumin da hankalinsa ya tashi ba.

A wannan ɗan tsakanin, wato 2009 zuwa 2010, wasu malaman jami'a da mashawartan kuɗi da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suka kafa ƙungiyar Financial Therapy Association a Amurka, kuma a 2010 mujallarta ta bincike ta fara fitowa. Jami'ar Jihar Kansas ta taka rawa babba a wannan yunƙuri. Manufarsu ita ce a daina raba matsalar aljihu da matsalar zuciya, tunda mutum ɗaya ne yake ɗauke da su duka biyun, ya shigo da su ofis ɗaya.

Tunanin ya girmi ƙungiyar. A 1979, masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, suka nuna cewa zafin asara ya fi daɗin riba nauyi a zuciyar mutum, kuma binciken da suka yi daga baya ya kimanta cewa ya kai kusan ninki biyu. Ma'ana, raɗaɗin da mutum yake ji idan ya yi asarar dala ɗari, sai ribar kusan dala ɗari biyu ce za ta iya goge shi. Kahneman ya karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki a 2002, shekara shida bayan rasuwar Tversky. Richard Thaler, wanda ya karɓi tasa a 2017, ya bayyana yadda mutane suke rarraba kuɗinsu kashi-kashi a cikin tunani, har su riƙa biyan kuɗin ruwa mai yawa a kan katin bashi alhali suna da ajiyar da ta isa ta biya bashin, don kawai sun riga sun sa wa wannan ajiya suna, sun ce ta hutu ce ko ta gyaran gida. Shi da Shlomo Benartzi sun ƙirƙiro wani tsari inda ma'aikaci zai amince tun yau cewa duk lokacin da aka yi masa ƙarin albashi, za a ƙara kason da ake cire masa zuwa asusun fansho. A kamfanin farko da aka gwada tsarin, kason da ma'aikatan da suka shiga suke ajiyewa ya tashi daga kashi 3.5 cikin ɗari zuwa kashi 13.6 cikin wata 40. Duk wanda ya taɓa shiga adashi zai gane hikimar nan ba tare da dogon bayani ba, domin mai zubi ya san cewa kuɗin da ya kwana a aljihunsa ba zai ga ƙarshen wata ba, shi ya sa yake ɗaure kansa da alkawarin da zai ji kunyar karyawa a gaban uwar adashi.

Sai dai wannan ilimi yana bayyana halin mutane ne a dunƙule. Bai gaya wa mashawarci dalilin da ya sa wannan mutum na musamman, da yake zaune a gabansa, ya kasa buɗe wasiƙun banki na wata shida ba. A nan ne aka juya ga masu aikin jinyar damuwar zuciya ta hanyar tattaunawa.

Brad Klontz, masanin halayya wanda kuma yake da shaidar ƙwarewa a tsara kuɗi, shi da mahaifinsa Ted Klontz, sun yi suna wajen bayyana abin da za mu kira haddar ƙuruciya game da kuɗi. Waɗannan wasu aƙidu ne da yaro yake kwasa a gida ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba, daga abin da ya ji iyayensa suna faɗa, da abin da ya ga suna yi, da abin da aka hana a ambata a gabansa. A 2011 aka wallafa wani ma'auni da Brad Klontz da abokan aikinsa suka tsara, wanda ya karkasa wannan hadda gida huɗu. Akwai masu gudun kuɗi, waɗanda suke ganin dukiya ƙazanta ce kuma masu ita azzalumai ne, har mutum ya riƙa ɓata wa kansa dama ba tare da ya lura ba. Akwai masu bautar kuɗi, waɗanda suka yi imani cewa ƙarin kuɗi zai warware musu kowace matsala, don haka ba sa taɓa jin sun samu abin da ya isa. Akwai waɗanda suke auna darajar mutum da abin hannunsa, su ne suke cin bashi don su hau motar da ta fi ƙarfinsu. Na huɗu su ne masu tsantseni da ɓoyo, waɗanda galibi suna da ajiya kuma ba sa son bashi, amma fargaba tana iya hana su morar abin da suka tara ko da tsufa ya zo.

Mu ɗauki misali na ƙirƙira don a ga amfanin wannan a aikace. A ce wata ma'aikaciyar jinya mai shekara 58 ta zo wurin mashawarci, ga ajiya mai yawa a asusun banki wanda hauhawar farashi take cin darajarsa kowace shekara, amma duk shawarar zuba jari da aka ba ta sai ta amsa da to, ta tafi, ta dawo ba ta yi komai ba. Mashawarcin da lissafi kaɗai ya iya zai ƙara kawo mata jadawali, ya ƙara ɗaga murya. Wanda ya samu wannan horo kuwa zai tambaye ta abu na farko da take iya tunawa game da kuɗi tun tana ƙarama. Idan ta ce tana da shekara tara lokacin da banki ya ƙwace gidansu bayan kasuwancin mahaifinta ya karye, to an gano inda gizo yake saƙa. Kuɗin da yake kwance a banki shi ne alkawarin da ta ɗaukar wa kanta cewa ba za a sake fitar da ita waje ba. Daga nan ana iya tsara mata abin da zai bar mata isasshen kuɗi a inda idonta yake gani, a zuba ragowar sannu a hankali. Ta fuskar lissafi tsantsa wannan tsari ba shi ne mafi riba ba, amma shi ne wanda za ta iya bi.

Kayan aikin da ake amfani da su a irin wannan zama duk aro ne daga ɗakin masu aikin jinyar damuwar zuciya. Daga Carl Rogers aka ɗauko sauraro ba tare da yanke hukunci ba, da maimaita wa mai magana abin da ya faɗa a taƙaice don ya tabbatar an fahimce shi. Daga Aaron Beck, wanda ya assasa hanyar gyara tunani tun shekarun 1960, aka ɗauko dabarar ɗora aƙida a kan ma'auni a tambayi mai ita hujjarta. Wadda ta fi shiga wannan sana'a kuwa ita ce hanyar da William Miller ya fara bayyanawa a 1983 yayin aiki da masu fama da shan giya, sannan suka faɗaɗa ta tare da Stephen Rollnick. Abin da Miller ya lura da shi shi ne, idan mutum yana tsakanin son canji da ƙin canji, kai kuma ka tsaya kana yi masa wa'azin canji, to ka tura shi ya zama lauyan ɗaya ɓangaren, kuma duk lokacin da ya ji kansa yana kare tsohuwar ɗabi'arsa sai ya ƙara riƙe ta. Saboda haka mashawarci ba zai ce wa abokin hulɗarsa, dole ne ka rage kashe kuɗi, ba. Zai tambaye shi ne, idan aka ci gaba a haka na shekara biyar, yaya yake hango gidansa, kuma me ya sa ya ga ya dace ya zo yau. Dalilin da ya fito daga bakin mai matsala ya fi dalili goma da aka jefa masa ɗorewa. Wannan, a ganina, shi ne darasi mafi wuya ga masanin lissafi, domin an horar da shi ya ba da amsa, ga shi yanzu ana buƙatar ya riƙe amsar a baki ya yi shiru.

George Kinder, wani mashawarcin kuɗi na Amurka, ya shahara da tambayoyi uku da yake fara zama da su. Ta farko, da kana da kuɗin da ya ishe ka har abada, yaya za ka tafiyar da rayuwarka? Ta biyu, da likita zai ce saura maka shekara biyar zuwa goma, me za ka canza? Ta uku, da za a ce kwana ɗaya ya rage maka, me ya wuce ka wanda ba ka yi ba? Sai an samu waɗannan amsoshi ake buɗe takardun kasafi. Haka nan zaman mata da miji yana buƙatar irin wannan ƙwarewa, domin sau da yawa rigimar da ake yi a kan sayen kujeru, asalinta mutum biyu ne da suka taso da hadda iri biyu.

Akwai wani haɗari a nan da bai kamata a tsallake shi ba. Wannan ilimi yana iya zama hanyar ɗora wa talaka laifin talaucinsa, a ce tunaninsa ne bai gyaru ba. Binciken da Sendhil Mullainathan da Eldar Shafir da abokan aikinsu suka wallafa a 2013 ya nuna akasin haka. Sun gwada manoman rake a jihar Tamil Nadu ta Indiya kafin girbi, lokacin da hannunsu babu komai, suka sake gwada su bayan girbi, sai mutanen nan suka fi yin ƙoƙari a gwajin tunani bayan kuɗi ya shigo. Rashi shi kansa yana cinye hankali. Gwamnatin Birtaniya ta yi la'akari da wannan alaƙa a tsarin da ta fara a Ingila da Wales a watan Mayu na 2021, wanda yake ba mai fama da bashi kwana 60 da za a dakatar masa da yawancin kuɗin ruwa da matsin masu bin bashi, wanda kuma yake karɓar jinyar gaggawa ta lafiyar ƙwaƙwalwa a ba shi tsawon jinyar da ƙarin kwana 30.

Ga mai sha'awar wannan sana'a, ƙofa biyu ake shigowa ta cikinsu. Wasu suna farawa da karatun harkokin kuɗi sannan su ƙaro ilimin halayya, wasu kuma masu aikin jinyar damuwar zuciya ne ko masu sasanta ma'aurata da suka ga cewa maganar kuɗi ba ta ƙarewa a ɗakinsu, suka koma suka koyi kasafi da bashi da fansho. A 2021 hukumar CFP Board, wadda take ba da babbar shaidar ƙwarewa ta masu tsara kuɗi a Amurka, ta sa ilimin halayya a cikin manyan fannonin da dole ɗalibi ya sani, kuma daga 2022 ya zama kashi 7 cikin ɗari na jarrabawarta. Wata ƙungiyar ta Amurka mai suna AFCPE tana ba da shaidar ƙwarewa da ake kira AFC ga masu taimaka wa iyalai kan kasafi da bashi, ciki har da iyalan sojoji, ita kuma Financial Therapy Association tana da tata shaidar ga waɗanda suka haɗa fannonin biyu.

Ko ta wace ƙofa mutum ya shigo, akwai iyaka biyu. Ta farko ta amana ce, domin wanda ya san inda tsoron mutum yake zai iya kwantar masa da hankali, zai kuma iya amfani da wannan tsoro ya sayar masa da inshorar da ba ya buƙata don ya ci kamasho. Shi ya sa ƙa'idojin CFP Board da suka fara aiki a Oktoba 2019 suka wajabta wa mai riƙe da shaidarta fifita maslahar abokin hulɗa a duk lokacin da yake ba da shawarar kuɗi. Ta biyu ta ƙwarewa ce. Mashawarcin kuɗi da ya ari dabarun sauraro bai zama likita ba, ba shi da lasisin gano cuta ko yi mata magani. Tun 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya jarabar caca a rukuni ɗaya da jarabar kayan maye, kuma babu kasafin da zai warkar da ita. Idan mashawarci ya ga alamunta, ko ya ga miji yana amfani da kuɗi don ya ɗaure matarsa ya hana ta motsi, ko mai bashi ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to abin da horonsa ya tanada shi ne ya ajiye takardun, ya faɗa wa mutumin abin da ya lura da shi cikin ladabi, ya haɗa shi da ƙwararre mai lasisi, idan rai yana cikin haɗari kuma a kira layin agajin gaggawa nan take, wanda a Amurka lambarsa ta zama 988 tun watan Yuli na 2022. Saboda haka masu wannan aiki da yawa suke ajiye sunayen masu aikin jinyar damuwar zuciya biyu ko uku da suka amince da su, wasu ma sukan zauna da abokin hulɗa su biyu a ɗaki ɗaya, ɗaya yana riƙe da takardun kuɗi, ɗayan yana lura da mutumin da takardun suke magana a kansa.